Sinadarin zink da cutar sikila

Zink sinadari ne mai alamar Zn da lamba 30 a jadawalin sinadarai. Jiki na buƙatarsa kaɗan, amma masu cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, sun fi sauran mutane fuskantar ƙarancinsa. Likita Ananda Prasad na Jami'ar Wayne State da ke Detroit a Amurka shi ne ya fito da wannan dangantaka a 1975, bayan bincikensa kan ƙarancin zink a Iran da Masar a farkon shekarun 1960.

Dalilin yana cikin jinin. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da zink mai yawa, kuma ƙwayar mai lafiya kan kai kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Zink ɗin da ya fita sai ya bi ta ƙoda, ƙodar da sikila ta taɓa ba ta iya mayar da shi yadda ya kamata, sai ya zube a fitsari. Alamomin ƙarancin zink sun haɗa da tsumburewar girma, jinkirin balaga, gyambon ƙafa mai wuyar warkewa, da yawan kamuwa da cututtuka.

Gwajin auna zink a jini yana da tarko. Idan ƙwayoyin jini suka fashe a cikin kwalbar gwaji, sakamakon zai nuna zink ya yi yawa alhali ba haka ba ne; zazzaɓi da kumburi kuma suna saukar da shi na ɗan lokaci. An kuma fi so a ɗauki jinin da safe kafin a ci abinci.

A binciken Prasad na 1999, manya masu sikila da aka ba zink miligiram 50 zuwa 75 kullum sun rage kamuwa da cututtuka da kwanciya asibiti. Wajen yara ƙanana abin bai fito sarai ba: wani gwaji a Uganda da aka wallafa a 2023 ya ba su miligiram 10, bai ga raguwar cututtuka masu tsanani ba.

Yawan sha ma na da illa. Zink mai yawa yana sa hanji ya riƙe sinadarin tagulla ya hana ta shiga jiki, sai a samu ƙarancin jini da raguwar fararen ƙwayoyin jini. Iyakar da aka gindaya wa babba mai lafiya miligiram 40 ce a rana, fiye da haka sai da kulawar likita da gwajin tagulla.