Furotin p53 da sankarar cikin mahaifa: tambayoyi da amsoshi

Wace sankara ake nufi?

Wadda ke tsirowa a shimfiɗar cikin mahaifa, ba ta bakin mahaifa ba. Alamarta ta farko galibi zubar jini ce bayan mace ta daina al'ada.

Mene ne aikin p53?

Furotin ne mai gadi. Idan ƙwayar halitta ta samu lahani, shi ke tsayar da ita har ta gyaru, in ta ƙi gyaruwa ya sa ta mutu. Da zarar ya lalace, gurɓatattun ƙwayoyi sai su yi ta hayayyafa babu mai tsawatarwa.

Ta yaya ake duba shi?

Ana yanka tsokar da aka ciro siriri, a zuba mata rinin da ke kama p53, a duba a madubin likita. Idan lafiyayye ne, rinin kan fito jefi-jefi, wani wuri da ƙarfi, wani wuri dishi-dishi. Lalatacce kuwa fuska uku gare shi: ko dai sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin su rine sosai a cibiyarsu (tsakiyar ƙwaya, inda kayan gado suke), ko rinin ya ɓace ƙaf, ko ya taru a wajen cibiya.

A fuska ta biyu aka fi yin kuskure. Dole a ga lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefe sun ɗan kama rini. In ba su kama ba, gwajin ne bai yi ba, sai a sake. Yawanci laifin jinkirin sa tsoka a fomalin (ruwan da ke hana ta ruɓewa) ne, musamman mahaifar da aka cire ba a tsaga ta ba. Shi ya sa ɗan samfurin da aka ɗiba kafin tiyata ya fi ba da amsa mai tsabta.

Me sakamakon ke faɗa game da gaba?

Binciken TCGA na 2013, wani babban nazari kan ƙwayoyin gadon sankara, ya raba cutar gida huɗu, kuma gidan masu lalataccen p53 ne ya fi tsanani. A wani gwajin magani da aka yi kan majinyata, mai suna PORTEC-3, cikin masu lalataccen p53, kashi 59 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da gashi (ƙona sankara da haske mai ƙarfi) sun cika shekara 5 cutar ba ta dawo ba. Masu gashi kaɗai, kashi 36. Tazarar nan ta isa a yi wa kowace majinyaciya gwajin p53.

To p53 kaɗai ya wadatar?

A'a. Ana fara duba POLE (wata ƙwayar gado), sannan MMR (furotin masu gyara kurakuran ƙwayoyin gado), p53 a ƙarshe. Wadda ke da sauyin POLE mai lahani, ko da p53 ɗinta ya lalace, a gidan POLE ake lissafa ta, kuma cutar ba ta cika dawo wa 'yan wannan gidan ba. Tun 2023 tsarin FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, ya shigar da wannan rabe-rabe cikin ƙayyade matakin cutar.