Mece ce ƙwallon ragar yashi, wasan da Laura Ludwig ta yi suna a kansa?

Ƙwallon ragar yashi ita ce ƙwallon raga da ake bugawa ba takalmi a kan rairayi. Ta taso ne daga gaɓar tekun Hawai da Kalifoniya a Amurka, ta kuma shiga gasar Olamfik a 1996 a Atlanta. Ba lallai sai a bakin teku ba: a 2024 a gindin hasumiyar Eiffel ta Paris aka zuba yashi aka kafa raga.

Babban abin da ya raba ta da ta cikin ɗaki shi ne yawan 'yan wasa. A can mutum 6 ne kowane ɓangare, ga masu jiran canji. A nan biyu ne kacal, kuma babu canji. Filin mita 16 ne tsawo, 8 faɗi, yashi na riƙe ƙafa, iska na karkatar da ƙwallo, shi ya sa ake musayar gefe duk bayan maki 7. Zagaye na ƙarewa a maki 21, na raba gardama a 15. Galibi ɗaya ke tsalle a gaban raga ta tare bugu, ɗayar tana baya tana faɗawa yashi don ceto ƙwallo. Kafin a buga, mai tarewa kan ɓoye hannu a bayanta ta nuna wa abokiyarta da yatsu ɓangaren da za ta toshe. Idan ɗaya ta gaza, babu inda ɗayar za ta laɓe.

Wannan aikin na baya shi Laura Ludwig, haifaffiyar Berlin ta ƙasar Jamus a 1986, ta ƙware a kai. A gasar Olamfik ta 2016 ita da Kira Walkenhorst suka doke Ágatha da Bárbara na Brazil a wasan ƙarshe a gaɓar tekun Copacabana da ke Rio, Brazil, gaban 'yan kallon gida, suka zama matan Turai na farko da suka ci zinare a wasan. A 2017 suka ƙara da kofin duniya a Vienna. Jamus ba ƙasar zafi ba ce, amma tun a London 2012 Julius Brink da Jonas Reckermann sun ci zinaren maza.

A gida an zaɓi Ludwig da Walkenhorst a matsayin gwarazan tawagar shekara ta Jamus a 2016 da 2017. A waje kuwa, kowane yaro mai kallon ƙwallon ƙafa ya san Thomas Müller, amma da wuya ya taɓa jin sunan Ludwig. A ganina wannan ba adalci ba ne ga macen da ta halarci Olamfik sau 5, daga Beijing 2008 zuwa Paris 2024, tare da abokan wasa daban-daban har 4, ta haihu a tsakani ta sake dawowa fili. A shekarar 2024 ta yi ritaya.