Ƙarfen da ke Bayan Yaro a Tsohon Hoto Ba Shaidar Mutuwa Ba Ne

An daɗe ana cewa idan yaro ya sandare a hoton Ingila ko Amurka na ƙarni na 19, kuma ƙafar ƙarfe tana leƙowa ta bayansa, to gawa ce aka tsayar. Wannan kuskure ne mai ban takaici. Bayan fitowar dabarar ɗaukar hoto ta Bafaranshe Louis Daguerre a 1839, ɗaukar hoto yakan ci daƙiƙoƙi da yawa, motsi kaɗan kuwa yana ɓata fuska, shi ya sa ake tallafe ƙeyar mai rai da ƙarfen, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin mamaci ba. Jariri kuwa uwarsa ce takan riƙe shi, ta lulluɓe kanta da mayafi don kada a gan ta a hoton. An ɗauki hotunan mamata a wancan zamanin, amma galibi a kwance suke, a gado ko a cinyar iyaye.