Hukunci ba tare da kiran shaidu ba

Mutane da yawa sun ɗauka idan alƙali ya yanke ƙarar neman haƙƙi ba a kira shaidu ba, to ya gano maƙaryacin ne da kansa. Sam. A kotunan tarayyar Amurka, ƙa'ida ta 56 cikin ƙa'idojin shari'ar neman haƙƙi ta yarda da irin wannan hukunci ne kawai idan babu sahihiyar jayayya kan abin da ya faru. Takardu alƙalin yake dubawa, irin su yarjejeniya da rantsuwa a rubuce. A ce mai bin bashi ya kawo takarda da sa hannu, wanda ake bi bai musa ba, sai hukunci. Amma idan wanda ake bin ya fito da rasit cewa ya biya, dole a zauna shari'a, ko da alƙalin bai gamsu da rasit ɗin ba.