Me ke kashe wa ɗalibi gwiwa, me kuma ke ƙara masa himma?

Tambayoyin nan iyaye da malamai ne suka sha yi mini su a Garwa ta ƙasar Kamaru, wasu a taron ƙungiyar iyayen yara, wasu a gindin darbejiya bayan an tashi daga makaranta. Na amsa su da abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano, tare da abin da idona ya gane mini a aji. Amsoshin duka a wuri ɗaya suke haɗuwa: himmar yaro tana hawa tana sauka gwargwadon yadda yake jin zai iya, da yadda yake jin ana yi da shi a cikin 'yan'uwansa.

Malam, ɗana yana da kai amma ba ya son buɗe littafi. In riƙa yi masa alƙawarin kuɗi ne?

Kafin Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya ji wani gwaji da Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1973. Sun zaɓi ƙananan yara waɗanda dama suna son zane, suka kasa su gida uku. Kashi na farko an yi musu alƙawarin takardar yabo idan sun yi zane, na biyu an ba su takardar ba zato ba tsammani bayan sun gama, na uku kuwa ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye kayan zanen a aji, ba umarni ba alƙawari, sai aka ga lokacin da 'yan kashi na farko suka ba zanen kusan rabin na sauran ne. Abin da suke yi don jin daɗi ya koma aikin lada, da ladan ya tsaya sai hannu ya yi sanyi.

Edward Deci da Richard Ryan, waɗanda suka fara aiki a kan wannan batu a Jami'ar Rochester tun shekarun 1970, sun ce himma mai ɗorewa tana buƙatar yaro ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji akwai wanda ya damu da shi. A ganina na tsakiyar ne ya fi yi mana ciwo a nan. Yaro yakan kai aji na biyar bai iya haɗa baƙi sosai da Faransanci ba, sai ya fake da cewa ba ya so, domin a kira shi malalaci ya fi masa sauƙi da a kira shi daƙiƙi. Alhaji ya zaunar da shi bayan magariba, ya sa shi ya karanta layi biyar da ƙarfi, shi kaɗai ba a gaban ƙannensa ba. A nan za a gane inda gizo ke saƙar. Kyautar da ta zo bayan ƙoƙari ba tare da ciniki ba, wannan babu laifi a cikinta.

Mu da bulala muka yi karatu, ga mu nan mun zama mutane. Don me za a ce a daina?

Ba na raina wannan magana, domin masu yin ta alheri suke nema wa 'ya'yansu. Sai dai mu masu faɗin haka mu ne muka kai labari. Abokanmu da tsoron dorina ya kora daga aji suka koma tasha ko bakin kasuwa ba a kiran su taro a ji nasu. Dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta hana dukan ɗalibi a makaranta, bincike kuma yana bayanta. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 4 a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar kowane yaro shi kaɗai da abin wasa a bayansa, aka ce kada ya waiwaya. Yawancinsu sun waiwaya a makarantun biyu, amma da aka tambaye su, kusan duk waɗanda suka waiwaya a makarantar duka sun musanta, alhali a ɗayar rabi da 'yan kai ne suka yi ƙarya. Dukan bai hana laifin ba, ɓoye shi ya koyar.

Yabo fa, shi ma yana da illa?

Ya danganta da abin da aka yaba. Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka ce musu suna da basira bayan sun ci wani gwaji sun fi zaɓen aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya, har sun fi ƙara wa makinsu gishiri, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Amma kada a ɗora wa wannan kayan da ya fi ƙarfinsa. Wani babban bincike na 2019, da ɗalibai fiye da 12,000 a makarantu 65 na Amurka, ya ga cewa koya wa yara cewa basira tana ƙaruwa da aiki ya ɗaga makin masu rauni, amma ɗan kaɗan ne, kuma ya fi tasiri inda sauran 'yan aji ba sa yi wa mai ƙoƙari dariya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa ranar raba sakamako take damuna. Malami yakan tsaya ya kira na ɗaya a yi tafi, ya bi jeri har ya sauko kan na tamanin da wani abu, kafin ya kai ƙarshe aji ya kaure da shewa. Na taɓa ganin yarinyar da ta samu 6 cikin 20 ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ninke takardar sau huɗu ta cusa a ƙasan jaka. A zangon da ya wuce 4 ta samu, wato ta ƙaru, amma ba wanda ya faɗa mata haka.

Shin ba gaskiya ba ne cewa lissafi na maza ne?

Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a 2005, ta ga cewa yawancin bambance-bambancen da ake aunawa tsakanin maza da mata a tunani da iyawa ƙanana ne ko kusan babu. Abin da ke shiga da wuri shi ne kuɗin goron da ake yi wa mata. Wani bincike na 2017 a Amurka ya nuna cewa a shekara 5 yara maza da mata duk suna ganin 'yan jinsinsu a matsayin masu kaifin basira, amma daga shekara 6 'yan mata sun fara ja da baya. A Faransa, a 2007, Pascal Huguet da Isabelle Régner sun ba 'yan kwaleji wani zane mai sarƙaƙiya su kalla, sannan su sake shi da ka. 'Yan mata sun gaza maza da aka ce musu gwajin lissafin siffofi ne, suka kuma fi su da aka ce zane ne kawai. Gaskiya ta wajabta in ƙara da cewa wani gwaji na 2018 a Holand, da ɗalibai sama da 2,000, bai ga irin wannan tasiri ba, don haka masana ba su rufe muhawara ba.

A wurinmu ma akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato lokaci. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta kai talla, ba ta zauna da littafinta ba sai da barci ya ci ƙarfinta, ba adalci ba ne a auna ta da wanta da ya wuni da littafinsa. Umarnin da ma'aikatar ilimin sakandare ta fitar a 2022, cewa a bar ɗaliba mai juna biyu ta ci gaba da karatu, ya rufe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin da 'yan mata ke fita ta cikinsu.

Ana maganar yadda mutum yake jin jinsinsa a ransa. Me ake nufi, kuma me ya haɗa shi da aji?

Masu bincike suna nufin sanin da mutum yake da shi a zuciyarsa cewa shi namiji ne ko mace. Yawancin yara suna iya faɗin haka tun suna shekara 2 zuwa 3, kuma wajen shekara 5 zuwa 7 sukan tsananta a kan abin da suke gani na maza ne da na mata. Ga mafi yawan mutane wannan sani yana daidai da halittarsu. Ga 'yan kaɗan ba haka ba ne, kuma a Turai da Amurka ana ta ce-ce-ku-ce a kan lamarinsu, har tsakanin likitoci. Abin da bincike ya sha maimaitawa shi ne cewa yaron da ake ganin ya saɓa wa yadda aka saba ganin 'yan jinsinsa ya fi shan tsangwama. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zalin 'yan'uwansa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda, ya kuma sa irin waɗannan yara cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Kowa ya san yaro mai sanyin murya da ba ya buga ƙwallo, wanda aka laƙaba wa ɗan daudu tun yana aji uku, wani lokaci malami ma ya taya dariya. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan muhawarar can, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya fara ciwon ciki kowace safiyar makaranta, ya daina cin abinci, ya ware kansa, a zaunar da shi a tambaye shi a tsanake, a kuma kai maganar ga malamin ba da shawara na makarantar sakandare ko ga ma'aikacin lafiya.

Aji ya cika maƙil. Ta yaya za a tafi da kurma, da ɗan gudun hijira, da wanda bai jin Faransanci?

Ƙasashe 92 sun amince a Salamanca ta ƙasar Sifen a 1994 cewa makaranta ta kowane yaro ce, Kamaru kuma ta yi dokar kare naƙasassu a 2010. Amma shiga aji daban, a dama da yaro daban. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, ga kuma waɗanda rikici ya raba da ƙauyukan iyaka, akwai yaran da suke zaune a bencin baya, jikinsu a aji, hankalinsu yana can inda suka baro.

Wata dabara da ba ta cin ko dala ita ce ta Elliot Aronson, wadda ya fara a Texas a 1971 lokacin da aka haɗa yaran baƙaƙe da na farare a aji ɗaya suna ta faɗa. Yakan kasa yara biyar-biyar ko shida-shida, ya yanka darasi ya ba kowa yanki, yadda ba mai iya cin gwaji sai ya saurari kowane ɗan ƙungiyarsa. Gaba ta ragu, yaran da aka saba rainawa suka ƙaru a maki. Batun harshe kuwa an gwada shi a gida: daga 2007, a yankin Arewa maso Yamma, yaran da aka fara koya wa karatu da harshen Kom sun tsere wa waɗanda aka fara musu da Ingilishi a shekarun farko. Malamin da ya sake bayani sau ɗaya da Fulatanci ko Hausa kafin ya koma Faransanci bai karya martabar aji ba.

Duk wannan ai binciken Turawa ne. Ya shafe mu?

Tambaya ce mai tushe. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a 2008, ya ga kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi gwaji a kansu Amurkawa ne. Marigayi Bame Nsamenang, masani ɗan Kamaru daga Nso, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa yaron Afirka yana girma ne ta hanyar aike da reno da ɗaukar nauyi, kuma ma'aunin da bai ga wannan ba ya tauye shi. A wani gwaji da Bettina Lamm da Heidi Keller suka wallafa, an ajiye wa yara 'yan shekara 4 abin ci mai daɗi, aka ce wanda ya jira minti 10 zai samu biyu. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira da fankensu a gabansu, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 1999 Sheena Iyengar da Lepper sun ga cewa yara Amurkawa 'yan asalin Asiya sun fi himma idan aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa musu aikin, alhali 'ya'yan farare sun fi himma idan su suka zaɓa da kansu.

Saboda haka ɗan Garwa da yake karatu don ya share wa mahaifiyarsa hawaye, muddin ya ɗauki burin nan a matsayin nasa, himmarsa ta gaske ce. Sauran aiki yana wuyan ɗaliban babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008. Da zan zaɓa musu gwaji na farko, da na ce su ɗauki ajujuwan da ake karanta jerin sakamako a bainar jama'a da waɗanda ake miƙa wa kowa tasa takardar a hannu tare da faɗa masa nawa ya ƙaru, sannan su ƙirga yara nawa ne daga ƙasan jeri suka dawo a watan Satumba.