Beli da tsare wanda ake tuhuma a Jihar Kaduna

Beli shi ne sakin mutumin da ake tuhuma da laifi kafin a yanke masa hukunci, bisa alkawarin zai bayyana duk ranar da aka neme shi. Yawanci sai wani ya tsaya masa. Asalin kalmar daga Turanci ne. Tsarewar da ake yi wa mutum kafin shari'a kuwa, tun da can Hausawa na kiran ta waƙafi.

Tarihi

A zamanin En'e, akasarin masu laifi a gaban alƙalai da kotunan sarakuna ake gurfanar da su, ƴan doka ne ke kamu, gidan yarin kuma na sarki ne. Da aka doshi samun ƴancin kai, ƙabilu marasa rinjaye suka kai kukansu ga kwamitin Willink, wanda Turawan mulkin mallaka suka kafa don jin koke-kokensu, kan yadda ake shari'ar laifuffuka a Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato masana zuwa Kaduna, ƙarƙashin jagorancin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa J.N.D. Anderson na Landan. Shawararsu ce ta haifar da Final Kod, wato dokar laifuffuka da hukuncinsu, wanda majalisar Arewa ta zartar a 1959, da kundin tsarin gudanar da shari'ar laifuffuka. Duka biyun sun fara aiki a 1960. An gina Final Kod a kan dokar Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya ta 1860 aka samo ta. Kundin tsarin gudanar da shari'ar laifuffukan ne ya tsara wane laifi ake ba da beli a kansa, da wanda ke da ikon bayarwa.

Wajen 1967 zuwa 1968 aka rushe kotunan sarakuna, kotunan yanki suka maye gurbin na alƙalai, gidajen yari kuma suka koma hannun gwamnatin tarayya. Bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000 a Kaduna, gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta kafa kotunan Shari'a da na al'ada a 2001. A 2017 jihar ta sabunta Final Kod ɗinta, ta kuma yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka, bayan ta tarayya ta 2015.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ana ɗaukar wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar da laifin, kuma idan ba ya jin harshen kotu a samo masa tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. Ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, wata dokar tarayya ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa don a sa mutum ya amsa laifi.

Beli a caji ofis kyauta ne, kuma a ofisoshi da dama haka yake rubuce a bango kusa da kanta. Duk da haka ƙorafin karɓar kuɗi bai yanke ba.

A kotu

Ƙananan laifuffuka, irin su faɗa ko ƙaramar sata, majistare ko alƙali na ba da belinsu. Inda ake shan wahala shi ne cika sharuɗɗa. Akan nemi mai tsayawa ya kawo hotunansa, da katin shaida, wani lokaci da takardar fili ko shaidar shi ma'aikacin gwamnati ne mai wani matsayi, sannan ma'aikacin kotu ya bi shi har gida ya ga inda yake zaune. Ɗan ci-rani da ba shi da kowa a gari yakan kwana gidan yari makonni bayan an riga an ba da belinsa. Idan wanda aka tsaya wa ya gudu, mai tsayawar ne zai biya kuɗin da ya sa hannu a kai. Mace na iya tsayawa.

Laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, Babbar Kotu ce kaɗai ke da hurumin belinsu, shi ma sai da dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya mai tsanani. A nan ne mafi yawan jinkiri ke faruwa: ƴan sanda su kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumi, a aika shi gidan gyaran hali, a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil kan daɗe a hanya, iyali na ta kai abinci a kula. Lauyoyi sun saɓa kan halaccin wannan tsarewa, amma Kotun Ƙoli ta amince da ita a 2007, dokokin baya-bayan nan kuma sun ƙayyade mata wa'adi.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.