Wa Ya Ɗauki Hoton Giwa Mai Gashi? Tambayoyi Kan Shirye-shiryen Dabbobin Zamanin Ƙanƙara

Wata Asabar da daddare muna zaune da yara muna kallon talabijin. Garken giwaye masu gashi na ratsa wani fili fari fat, tururi na fita daga hancinsu, wata 'yar ƙarama ta lafe a gindin uwarta saboda iska. Sai autana ya juyo ya ce, "Baba, wanda ya ɗauki hoton nan bai ji sanyi ba?" Na ce masa ai babu wanda ya ɗauka. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, yayyensa ma suka sa baki. Ga su nan, haɗe da waɗanda manya suka yi mini daga baya.

In babu wanda ya ɗauka, to me muke gani?

Sau da yawa wurin na gaske ne, dabbar ce aikin kwamfuta. Masu shirin kan je su ɗauko hoton daji ko tsauni, sannan a dasa dabbar a ciki. Ana farawa da auna ƙasusuwan da ke gidajen tarihi, a haɗa ƙwarangwal a kwamfuta, a ɗora masa tsoka, a lulluɓe da fata, a shuka gashi sili-sili. Shirin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Walking with Dinosaurs na BBC a 1999, wanda ya haɗa aikin kwamfuta da kawunan roba masu motsi da ake nunawa idan an matso kusa. Dabararsa ita ce ya ɗauki dabbar da ta shuɗe kamar yadda ake ɗaukar zaki a gandun daji, wato kamar mai kyamara ya laɓe a bayan dutse yana jira. Prehistoric Planet na 2022, wanda David Attenborough ya ba da labarinsa, ya kai wannan salo matuƙa, har ido ba ya iya raba na gaske da na ƙira.

Giwa mai gashi da dainaso sun yi zamani ɗaya?

Ko kusa. Manyan dainaso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Zamanin da ake kira na ƙanƙara ya fara ne kimanin shekara miliyan 2.6 baya, sanyinsa na ƙarshe ya janye wajen shekara 11,700 da suka wuce. Giwa mai gashi, wadda masana ke kira mamot, ta zauna da mutane irinmu. Sun farauce ta, sun yi bukkoki da ƙasusuwanta a inda yake Yukiren a yau. Ragowarta sun rayu a tsibirin Wrangel da ke arewacin Rasha har zuwa kimanin shekara 4,000 baya. A lokacin an riga an gina manyan dalolin Giza a Masar.

Daga ƙashi kaɗai, yaya za a san kamannin dabba?

Ka miƙa wa gogaggen mahauci ƙashin cinya, zai gaya maka na sa ne ko na raƙumi, babba ne ko ƙarami, da inda nama ya fi kauri. Tsoka tana barin tabo a inda ta kama ƙashi, kuma da wannan tabon masana ke aiki. Amma ƙashi ba ya faɗin girman kunne, ko tsawon gashi, ko inda kitse ya taru.

A nan ne dabbobin zamanin ƙanƙara suka yi wa dainaso fintinkau, domin wasunsu an same su da namansu da fatarsu. Ƙasar Saiberiya a daskare take shekara da shekaru, abin da ta binne kuwa ba ya ruɓewa. A watan Mayun 2007 wani makiyayi ɗan ƙabilar Nenets da 'ya'yansa suka tsinci jaririyar mamot a bakin kogin Yuribei, a yankin Yamal. Aka sa mata suna Lyuba. Ta mutu kimanin shekara 42,000 da suka wuce tana da wata ɗaya a duniya, nauyinta wajen kilo 50. Idanunta na nan, fatarta na nan. An sami nonon uwarta a cikinta, an sami laka cunkushe a hancinta da maƙogwaronta, abin da ya nuna taɓo ne ya shaƙe ta. A bayan wuyanta akwai ɗan tozon kitse. Har kashin babbar giwa an samu a hanjinta, kuma 'ya'yan giwa na yau ma suna cin kashin iyayensu don su sami ƙwayoyin da ke taimaka musu narkar da ciyawa. Raunin da ke jikinta na kunne da wutsiya kuwa ba na wancan zamani ba ne, karnuka ne suka gwaguye ta bayan an fito da ita. Duk lokacin da na ga hoton Lyuba kwance a kan tebur, ƙafafunta a miƙe kamar maraƙin da barci ya kwashe, sai jikina ya yi sanyi.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2020 an tono ɗan wata dabba dangin damisa mai dogayen fiƙoƙi a bakin kogin Badyarikha a Yakutiya ta Saiberiya, aka bayyana sakamakon bincikensa a 2024: sati uku ya yi a duniya, gashinsa ruwan ƙasa mai duhu, kunnuwansa ƙanana, tafin ƙafarsa faffaɗa. Kafin wannan, ƙashi kawai ake da shi na irin waɗannan dabbobi.

Shaida ta biyu ita ce zanen mutanen da suka gan su ido da ido. A kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, akwai zane-zanen da suka haura shekara 30,000. A ciki akwai zakin kogo da aka nuna alamar namiji ne amma ba shi da geza, shi ya sa shiri mai kula ba ya yi wa zakin wancan zamani geza. A kogon Rouffignac an zana mamot sama da 150, da ƙoƙon kai mai tsini da bayan da ya gangara. Waɗannan masu zane su ne kaɗai shaidun gani da ido da muke da su.

Halayensu fa? Wa ya ce mace ce ke jagorancin garke?

Wannan ba gani aka yi ba, kamanta shi aka yi da giwayen yau, amma akwai abin da ya ƙarfafa shi. Wani bincike na 2017 ya duba ƙwayoyin gadon mamot 98 daga Saiberiya, ya tarar kashi 69 cikin ɗari maza ne. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, matasan toraye da suka bar garke suna yawo su kaɗai, babu tsohuwar giwa da ta san hanya, su suka fi faɗawa rami ko taɓo, inda gawa ke adanuwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne labarin haure. Hauren giwa yana girma ne sala-sala, kusan yadda Bafulatani ke duba zoben ƙaho ya faɗi shekarun saniya. Kowace ƙasa kuma tana da nata sinadarin da ke shiga ciyawa, daga ciyawa ya shiga haure. A 2021 masana suka tsaga hauren wani toro da ya rayu a Alaska kimanin shekara 17,000 baya, suka bi sawunsa tun daga haihuwa. Ya yi shekara 28, tafiyar da ya yi ta kusa zagaye duniya sau biyu. Yana wajen shekara 15 yawonsa ya faɗaɗa kwatsam, daidai lokacin da garken giwa ke sallamar ɗa namiji. Salar ƙarshe ta nuna alamun yunwa. In ka ga shiri yana bin wani toro shi kaɗai yana keta tsaunuka, to yana da tushe.

A Los Angeles ta Amurka kuma akwai ramukan kwalta na La Brea, inda aka ciro ƙasusuwan kyarketai sama da 4,000 da na Smilodon, wani dangin damisa mai fiƙoƙi kamar wuƙaƙe, sama da 2,000. Dabba ɗaya ta maƙale, mafarauta su taru a kanta, su ma su maƙale. Wasu ƙasusuwan Smilodon sun nuna munanan raunuka da suka warke, sai wasu masana suka ce lallai 'yan'uwa ne ke barin wa mai rauni nama. Wasu suka ce wannan bai isa hujja ba. Har yanzu ana ja. Amma a allo za ka ga garkensu suna farauta tare kamar zakuna, mai ba da labari bai ce maka ana gardama ba.

Launi da kuka?

Launi ya fara fitowa fili. Gashin mamot da ake tonowa yakan zo ja-ja, sai dai ana ganin daɗewa a ƙasa ce ta kodar da shi. Binciken ƙwayoyin gado na 2006 ya nuna akwai masu duhun gashi da masu haske. Ko a dainaso, a 2010 an gano burbushin launi a gashin wani ƙarami daga Sin, Sinosauropteryx, da ya nuna jaja-jaja ne mai wutsiya zobe-zobe.

Kuka kuwa yawancinsa haɗi ne. Ana ɗaukar muryar giwa, da gurnanin zaki, da na kada, a cakuɗa a kaurara. Rurin Smilodon da ke girgiza ɗaki a talabijin ma ba tabbatacce ba ne: binciken ƙasusuwan maƙogwaronsa na 2023 ya nuna siffarsu ta fi kama da ta dangin kyanwa masu gurnani ƙasa-ƙasa.

A ina suke wuce gona da iri?

Shahararren misali shi ne Liopleurodon, wani mafaraucin teku da shirin Walking with Dinosaurs na 1999 ya ba wa tsawon mita 25. Yawancin ƙasusuwan da ke hannu ba su nuna ya wuce mita 6 zuwa 7 ba. Yara da yawa sun girma da wancan adadin a kai. Mamot ma ana kumbura ta, alhali mai gashin ba ta fi giwar Afirka ta yau girma ba, wajen mita 3 a kafaɗa.

Sai dusar ƙanƙara. Fari yana da kyau a allo, shi ya sa ake yawan jefa garke cikinsa. Amma dabbar da ke buƙatar ciyawa tuli kullum ba za ta rayu a kan ƙanƙara zalla ba. Mazauninta faffaɗan fili ne mai sanyi, busasshe, cike da ciyawa da ganyaye, daga Sifen har Kanada, tare da dawakai da ɓaunaye da karkanda mai gashi. Teku ta ja baya da kimanin mita 120, har ana takawa daga Saiberiya zuwa Alaska.

Abin da ya fi damuna dai ba waɗannan ba ne. Murya ɗaya ce, cikin natsuwa ɗaya, take faɗa maka abin da aka gani a cikin Lyuba, da abin da aka aro daga giwar yau, da abin da marubuci ya ƙaga don labari ya yi daɗi. Ukun nan ba darajarsu ɗaya ba, kuma mai kallo yana da haƙƙin a bambance masa. Wasu shirye-shiryen yanzu suna ƙara ɗan bayani a ƙarshe inda masana ke nuna ƙashin da aka dogara da shi. Ni ba na bari yarana su tashi sai sun kalli wannan ɓangaren.

Yaya ake sanin shekarun?

Duk mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan mutuwa, rabinsa yana tafiya a duk shekara 5,730. Ana auna abin da ya rage. Wannan ma'auni yana aiki zuwa kimanin shekara 50,000. Abin da ya wuce haka, kamar dainaso, da duwatsun aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin ake auna shi.

Me ya ƙarar da mamot?

Ɗumi ya dawo, filin ciyawa ya koma daji da fadama, mutane kuma suna ƙaruwa da masunsu. Masana sun rabu kan wanne ya fi nauyi, da yawa suna ganin biyun ne suka haɗu. Giwa ba ta haihuwa da wuri, cikinta kusan shekara biyu ne, don haka ko farauta kaɗan tana iya karya garken da yunwa ta riga ta raunana.

Me ya sa ba a nuna namu yankin?

Ƙanƙara ba ta rufe mu ba, fari ne ya same mu. Lokacin da sanyi ya kai ƙololuwa, wajen shekara 20,000 baya, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, tafkin Chadi ya kusa ƙafewa ƙaf. Tsofaffin jigayin rairayi da ake noman gero a kansu a Jigawa da Yobe ragowar irin waɗannan zamunna ne. Da sanyin ya wuce sai ruwa ya sauka, hamada ta yi kore, tafkin ya cika ya bazu. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekara kimanin 8,000. A Dabous, arewa da Agadez, an sassaƙa raƙumin dawa a dutse da ya haura mita 5. A duwatsun Sahara kuma akwai zanen wata ƙatuwar ɓauna da ta shuɗe, wadda faɗin ƙahonninta kan kai mita 3. Kakannin mamot ma a Afirka suka fara bayyana, kimanin shekara miliyan 5 baya, kafin zuriyarsu ta nufi arewa ta yi gashi.

In aka koma can baya, zamanin dainaso, Nijar tana sahun gaba. A Gadoufaoua cikin hamadar Tenere aka tono Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da Sarcosuchus, ƙaton dangin kada na shekara miliyan 110 baya, wanda National Geographic ta yi wa shiri na musamman a 2001. Wanda ya je Yamai yana iya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya tsaya a gaban ƙwarangwal ɗin dainaso da aka ciro daga rairayin ƙasar. Na yi wa autana alkawarin kai shi.